Durƙuson Yatsu Biyu a Guangzhou

Tun da Allah ya dawo da ni lafiya daga ƙasar Sin, zaurena bai rabu da baƙi ba. Wannan ya ce, "Malam Barnaba, da gaske ne suna cin maciji?" Wancan ya ce, "Da gaske ne ka ci jibin Ubangiji a zaune, kamar mai jiran mota a tasha?" Tambaya ta farko ba ta dame ni ba. Ta biyun ce ta sa na ɗauki alƙalami, gama na san bakin da ta fito, ya kuma kamata mutanen Numan su ji labarin daga wurin mai shi, tun daga tushe.

Ni da Malam Dauda na Takum mun haɗu a kwalejin horon malamai muna samari, ɗakinmu ɗaya, fitilarmu ɗaya. Ba mu taɓa saɓawa a kan kome ba sai abu guda. Ikilisiyarmu ta bakin Binuwai, wadda mutanen Denmark suka dasa, tana koyar da cewa a cikin gurasa da ƙoƙon jibi Almasihu da kansa yana nan, saboda haka mukan je gaban bagade mu durƙusa mu karɓa. Su Dauda kuwa sun ce gurasa alama ce da abin tunawa, Almasihu a zuciyar mai bangaskiya yake, ba a cikin gari da ruwa ba. A zaune suke ci, ana miƙa musu, kuma a ganinsu wanda ya durƙusa wa gurasa ya kusa yi mata sujada.

Ba mu muka fara wannan gardama ba. Shekaru ɗari huɗu da ɗoriya da suka shige, zamanin da aka yi gyaran ikilisiya a Turai, manyan malamai biyu, ɗaya Bajamushe ɗaya mutumin Suwizalan, suka zauna a fadar wani sarki domin su daidaita. Suka yarda da juna a kan magana bayan magana, har suka iso kan gurasa, nan suka cije. An ce da za a tashi na Suwizalan ya miƙa hannun 'yan'uwantaka, idonsa da hawaye, Bajamushen bai karɓa ba. Ni jikan Bajamushen ne a koyarwa, Dauda jikan wancan, kowannenmu kuwa ya riƙe gadonsa da kyau.

Sai Allah ya ƙaddara ɗansa Iliya ya auri 'yata Rifkatu. A Lahadin godiya da aka yi a Takum farantin jibi ya zo gabana, na miƙa shi gaba ban taɓa ba. Da suka zo Numan aka kira mutane gaban bagade, Dauda ya zauna daram a bencinsa yana duban rufi. Rifkatu ta ga duka biyun. Daga ranar ta ɗaure kanta da magana, cewa ba za ta ƙara miƙa hannu ga gurasar jibi ba sai ta ga ubanta da uban mijinta sun ci a teburi ɗaya. Na ɗauka zafin ƙuruciya ne. Shekaru suka yi ta tafiya, ta bi mijinta Guangzhou inda yake aikin ɗora wa fatakenmu kaya a jirgin ruwa, har ta haifi 'ya, maganar tana nan yadda take. Yarinyar da na kai ajin baftisma da hannuna ta zauna babu jibi.

A farkon shekarar da soja suka mayar da mulki ga farar hula, Iliya ya aiko mu zo mu ga jikarmu Hannatu, mu duka biyu. Na shirya da dabara. Na karɓi gurasar jibi irin tamu daga wurin fastonmu, farar nan 'yar siririya mai faɗin kwabo, na jera ta a gwangwanin alewa. Nufina in an yi jibi a can a yi shi bisa ƙa'ida, Dauda ya durƙusa ko ya sha kallo.

Bayan wahalar biza a Legas, wadda ba zan ɓata takarda a kanta ba, muka haɗu da jagoranmu, Alhaji Sani, Bakano mai fataucin takalma, wanda Iliya ke ɗora wa kaya. Mutum ne mai fara'a, ga jiki, ga carbi ba ya barin hannunsa. A jirgin sama aka zaunar da shi tsakaninmu, wannan kuwa jarrabawa ce gare shi. Kafin mu sauka Addis Ababa ya san ra'ayin Bajamushe. Kafin Bankok ya san na mutumin Suwizalan. Sa'an nan ya tattara carbinsa ya ce, "Malamai, don Allah ku tsaya in gane. Gurasar nan ɗaya ce?"

Muka ce kusan ɗaya ce.

"Wanda kuke yi dominsa ɗaya ne?"

Muka ce ɗaya ne.

"Wani ya durƙusa, wani ya zauna. Shi ke nan?"

Dauda ya ce, "Alhaji, maganar ta fi haka zurfi."

Alhaji ya yi dariya har kujerun suka motsa. Ya ce, "Wallahi na san ta fi haka zurfi. Ashe ku ma kuna da ƙabalu da sadalunku! Mu a unguwarmu, mai kama hannu a salla da mai saki sun yi shekara ba sa bin juna, amma in an kawo tuwon suna kwano ɗaya suke sa hannu. Ku ci gaba, ni zan yi barci."

Daga Hong Kong muka shiga jirgin ƙasa. A tashar Guangzhou wani jami'in kwastan ya buɗe jakata, ya wuce babbar rigata da kuka da daddawar da na kawo wa Rifkatu, ya ɗauko gwangwanin alewa. Ya buɗe, ya sunsuna, ya ɗaga guda ɗaya ya duba ta a haske, ya yi tambaya. Alhaji, wanda ke da ɗan Sinancin kasuwa, ya ce, "Yana so ya san mene ne wannan."

Dauda ya matso, fuskarsa cike da murna. Ya ce, "Faɗa masa mana, Barnaba. Mene ne?"

Na ce wa Alhaji, "Ka ce masa gurasa ce."

"Gurasa kawai?" in ji Dauda.

"Gurasa kawai."

"Alhaji, kai ne shaida. Shekara arba'in ina nema ya faɗi haka, sai ga shi ya shiga ɗarikarmu a gaban kwastan."

Na amsa masa da cewa ko ɗan ajin baftisma ya san ba a yi addu'a a kanta ba tukuna. Jami'in dai ya gaji da mu, ya jefa ta a baki, ta manne masa a ganɗa. Ya yamutsa fuska, ya mayar mini da gwangwanina da hannu biyu, da irin duban da akan yi wa mutumin da ya fito daga ƙasar yunwa.

Iliya ya kwashe mu a tasi zuwa Sanyuanli, tsohuwar unguwar 'yan kasuwa, inda yawancin mutanenmu ke sauka. Gidajen dogaye ne, sun matsu har mutum ya iya miƙa wa maƙwabcinsa gishiri ta taga, kowace taga da wanki a rataye jikin gora. Masaukinsu yana can hawa na bakwai, babu lif, sai matakala. Lokacin kuwa na raɓa ne, bango yana zufa kamar randa, rigar da aka shanya jiya tana nan da danshinta yau. A bakin ƙofa Rifkatu ta durƙusa ta gaishe mu, tana dariya tana share ido, ta ɗora mini Hannatu. Yarinyar ta dube ni, ta dubi Dauda, ta cafke gemuna. Dauda ya ce jan gemu ba so ba ne, shi ne angon. Na ce amarya ta riga ta zaɓa, ya nemi wata.

Kashegari da safe Iliya ya kai mu shan shayi, wanda a can babban sha'ani ne, tsofaffi da jikoki a kewaye da tebura, ana ta turo 'yan kwanduna masu tururi. Aka kawo buta da wani kwano babba, Iliya ya tsiyaya shayi a ƙoƙona. Ni kuwa da ladabin baƙo na ɗaga na shanye. Matar da ke hidima ta rufe baki da hannu. Ashe shayin farko na ɗauraye ƙoƙo da tsinkayen cin abinci ne, a juye a kwanon. Dauda ya ce bai yi mamaki ba, mutanen Numan duk abin da aka zuba a ƙoƙo da tsarki suke ɗaukarsa. A lokacin kuwa yana kokawa da ƙafar kaza da tsinke biyu, ƙafar kuwa ita ta yi nasara, ta faɗa aljihun rigarsa.

A wurin na ga al'adu biyu da suka ƙayatar da ni. Ta farko, ba mai zuba wa kansa shayi sai ya zuba wa na kusa da shi. Ta biyu, wanda aka zuba wa yakan lanƙwasa yatsu biyu ya ƙwanƙwasa teburi a hankali. Na tambayi ma'anarta. Iliya ya ce, "Baba, durƙuso ne. Suna cewa wani sarkinsu na dā ya ɓad da kama ya shiga gari, ya zuba wa baransa shayi. Baran ba shi da halin durƙusawa kada asiri ya tonu, sai ya sa yatsunsa suka durƙusa a madadinsa." Na ce mutanen da suka san darajar durƙuso har suka koya wa yatsunsu, ba ƙananan mutane ba ne. Dauda ya ce a bar su da shayinsu.

Yanzu sai in faɗi masifu biyu da suka same mu, bisa ga yadda suka zo.

Alhaji ya kai mu kasuwar takalma ta Zhanxi Lu, kusa da tashar jirgin ƙasa, inda benaye ke cike da takalma tun daga ƙasa har sama. Kowane mai shago "lawban" ne, wato maigida, shi ma kuma lawban yake kiranka. Na nuna ƙafata, yarinyar shago ta duba, ta kira 'yar'uwarta ita ma ta duba, suka ce "meyo," wato babu. Haka aka yi ta yi mini meyo har ƙarshen layi. Dauda kuwa mai 'yar ƙafa ya sami baƙin takalmi mai sheƙi, ƙasansa sumul kamar madubi. Ya ƙi a naɗe masa, ya sa shi nan take, yana taku yana cewa takalmin Sin ya san ƙafar masu sahihiyar koyarwa. Bai rufe baki ba ya taka daɓen da raɓa ta jiƙa. Ƙafafunsa suka yi sama, ya sauka a kan ƙashin gindinsa, hularsa ta gangara shagon wani. Alhaji yana salati yana ɗaga shi, lawban uku suna kakkaɓe masa riga. Ƙashi bai karye ba, amma daga ranar zama ya gagare shi. A tsaye yake cin abinci, a kife yake kwanciya. Na yi masa sannu da zuciya ɗaya, dariyar kuwa sai da na shiga makewayi na yi ta.

Tawa masifar a hankali ta zo. Akwai wata tsohuwa Basiniya a hawan da ke bisa namu, wadda na tabbata ta girme ni, kullum takan wuce ni a matakala da kwandon kayan miya, ta gaishe ni da "nihaw" ba ko haki. Ni da na yi shugabancin makaranta, na yi tafiyar ƙasa daga Numan zuwa Demsa ina saurayi, ban ga dalilin da tsohuwa za ta riƙa wuce ni ba. Na ƙudura ba za ta ƙara ba. Ran Jumma'a na riga ta isa, na tsaya ina jiranta a sama da murmushi. Ran Asabar gwiwata ta dama ta kumbura kamar kabewa, ta ƙi lanƙwasuwa ko kaɗan. Tsohuwar ce kuma ta sauko da wani man shafawa mai warin da ke sa ido hawaye, ta shafa mini da hannunta, tana yi mini faɗa da harshensu. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na gane duka.

Da yammacin ranar na ce Rifkatu ta ɗauko mini gwangwanina, gama gobe Lahadin jibi ce. Na buɗe. Raɓar ƙasar ta shiga, gurasar ta manne ta zama dunƙule ɗaya, ta yi furfura koriya. Na daɗe ina dubanta.

Rifkatu ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Ta ce, "Baba, da manto muke yi a nan, a zaune, kowa ya miƙa wa na kusa da shi." Manto ita ce gurasarsu, fara, wadda ake turarawa kamar alkubus.

Na ce, "Gurasar tururi, a zaune, daga hannun wanda ba fasto ba. Uwata, wannan karin kumallo ne."

Ta ce, "Ni ban ce ka bar koyarwarka ba, Baba. Kai ka koya mini ita, ina kuma riƙe da ita. Amma duk wata farantin nan yana zuwa hannuna, in miƙa wa na kusa da ni, in sunkuyar da kai. Mutane sun daina tambayata. Wata rana Hannatu za ta tambaya."

Daga ɗaki, inda yake kife a kan katifa, Dauda ya ɗaga murya: "'Yata, ni a shirye nake, muddin ba za a ce in durƙusa ba."

Na ce ni ma a shirye nake, muddin za a durƙusa. Rifkatu ta ɗauki gwangwanin ta fita da shi. Fitar nan tata ta fi gwiwata ciwo.

A falon Iliya ake taruwa, baƙi 'yan Afirka zalla, ɗalibai da 'yan kasuwa, ba su fi cikin tabarma biyu ba. Mai jagora Fasto Kofi ne, mutumin Gana, da Hausarsa ta zangon Kumasi wadda ba ta raba mace da namiji. Ran Lahadi aka zaunar da ni a kujera, ƙafata a miƙe bisa kwali, ina tashin warin man tsohuwa. Rifkatu tana damana. Dauda yana haguna a tsaye, ya harɗe hannu a baya kamar sufeton makarantu. Abin da bai sani ba shi ne tsawon wa'azin mutanen Gana. Ya jingina da bango. Ya sauya ƙafa. Ya gwada zama a gefen kujera, ya miƙe da sauri kamar ya hau garwashi. A ƙarshe, ana tsakiyar waƙa, ya jawo matashi da ƙafa, ya sauka a kan gwiwoyinsa, ya dafa ɗan gajeren teburin da aka ɗora manto da ƙoƙo. Bai dube ni ba. Ni ma, domin girman wurin, ban dube shi sosai ba.

Fasto ya yi addu'a, ya faɗi kalmomin da dukanmu muka haddace tun muna yara. Sa'an nan ya ce, "A nan mun ari al'adar masu ƙasa. Ba mai ɗauka wa kansa. Kowa ya gutsura ya ba na kusa da shi, da hannu biyu. Baba Dauda, kai ne babba, fara."

Na riga na shirya abin da zan yi: in sunkuyar da kai, faranti ya wuce. Sai na ga hannuwa biyu a gabana, da gutsuren manto a cikinsu. Ku da kuke karatu kun san tarbiyyarmu. Dattijo mai furfura ba ya durƙusa a gabanka ya miƙo maka abu da hannu biyu ka kau da kai, ko da maƙiyinka ne, balle wanda kuka yi karatu da fitila ɗaya. Na tuna da hannun nan da aka miƙa a fadar sarkin nan na Turai. A aji na sha ba da labarinsa da alfahari, amma ban taɓa ganinsa kusa haka ba.

Dauda ya ce a hankali, "Karɓi, Barnaba. Bayana na ciwo."

Na karɓa. Kafin in kai baki, na miƙa hannun dama bisa teburin, na lanƙwasa yatsu biyu, na kafa su. Sa'an nan na ci, da bangaskiyar da na saba ci da ita, ban rage ko ƙwaya ba.

Faranti ya zo hannuna. Na juya wajen Rifkatu, na ga hannuwanta suna kan cinyarta, idonta a kan surukinta, gama shi bai ci ba tukuna. Sai na juya hagu, na gutsura, na miƙa masa.

Ya ce, "A durƙushe?"

Na ce, "Ni a zaune na ci."

Ya dubi gwiwoyinsa, ya dubi gurasar, ya dubi yarinyar. Ya karɓa ya ci.

Ban kai ga sake gutsurawa ba, Rifkatu ta riga ta buɗe tafukanta biyu, ɗaya bisa ɗaya, yadda na koya mata tana 'yar shekara goma sha biyu. Na sa mata. Ta ci tana kuka tana dariya, Iliya ya rufe fuska da hannun riga, Fasto Kofi ya ɗaga waƙa tun ƙoƙo bai zagaya ba, har tsohuwar bisa ta buga mana daɓe da sanda.

Da azahar Alhaji ya hauro da ledar lemo domin ya duba marasa lafiya. Ya tarar da ni a zaune, Dauda a durƙushe yana cin shinkafa da miyar kuka, Rifkatu tana ta waƙa a madafa. Ya ce, "To, Malamai, wa ya yi nasara?" Muka amsa tare, kowa ya ce shi ne. Alhaji ya ce a jirgin komowa zai nemi kujera can baya.

Haka kuwa aka yi, gama gardamarmu tana nan da ranta, mun ɗora daga inda muka tsaya tun kafin mu bar Hong Kong. Na ji labari Dauda yana yawo a Takum yana cewa Barnaba ya ci jibi a zaune. Bai yi ƙarya ba, sai dai bai cika faɗin yadda shi ya ci nasa ba, wannan kuwa na cike masa yanzu. Wanda ya ce ban durƙusa ba, ya je Guangzhou ya tambayi kowane mai shan shayi ma'anar yatsu biyu a kan teburi. Rifkatu kuwa ta bugo waya gidan fastonmu a farkon watan nan. Ba ta tambayi gwiwata ba sai daga baya. Abin da ta fara cewa shi ne, "Baba, yau ma na ci."